Daƙiƙa Huɗu

Rumfata na bakin Kasuwar Dole,
tsakanin baduku da mai sayar da katin waya.
Shekara talatin da bakwai ina leƙen cikin agogo,
gilashi maƙale a idon dama,
har na hagu ya yi fushi ya rage aiki.

Ran Laraba sai ga Habsatu ɗiyar Kanta,
wadda ke tuƙa ƙaramin jirgin likitoci
daga Damagaram zuwa Difa.
Ta ajiye agogon ubanta bisa faifaina,
irin na wanawa,
fuskarsa ta yi ja kamar haƙorin mai goro.
Ta ce, Baba Mato, tashe shi.

Na ce, ke da tauraron ɗan Adam ke raɗa wa lokaci,
me za ki yi da wannan tsoho?

Ta ce gardamar ke nan da ta raba su,
can filin jirgi, inuwar fiffike, wurin shayi.
Doka ta ce agogo a gaban matuƙi,
mai awa, mai minti, mai daƙiƙa.
Ba ta ce na ƙarfe ba, ba ta ce na sama ba.
Wasu suka ce na'urar ta wadatar,
kafin ta yi kuskuren ƙiftawar ido
jikan jikanka ya yi furfura.
Mai duba jirage kuwa, wani dogo daga Yamai,
ya ƙwanƙwasa allon da bakin biro, ya ce:
in na latsa nan, lokaci ya ɓuya bayan taswira.
Agogon da sai an neme shi, agogo ne?
Har shayi ya huce ba wanda ya kayar da wani.

Ni ban taɓa hawa abin da ya fi duwatsun Birni ba.
Amma na san kayan aro ba ya rufe katara.
Lokacin da ake aiko maka daga nesa,
ranar da ɗan aike ya yi tuntuɓe fa?
Ranar da wuta ta ɗauke,
hadari ya shafe gari, ƙasa ta ɓace,
aka ce ki miƙe minti ɗaya, ki karkata minti ɗaya,
da me za ki ƙirga? Da bugun zuciya?
Ita tsoro ke wana ta.

Na buɗe bayansa.
Tsatsa kaɗan, busasshen mai,
da gashi guda fari, naɗe a jikin ƙaramar ƙafa.
Ban ce mata na Kanta ne ba.
Na sa shi a takarda na ninke.

Kwana uku yana tafiya ina auna shi.
Da me? To, ga inda kunya ta kama ni:
da wayar jikana,
ita ma daga can saman take sha.
Mai zagin rijiya, da gugarta a hannu.

Daƙiƙa huɗu yake makara kullum.
Na taɓa, na lallaɓa, na roƙe shi,
huɗun nan ya riƙe su kamar gado.
Ta ce, bar masa.
Gurgun da na san ɗingishinsa, na san inda zan jira shi.
Waccan zan bi, ta fi shi gaskiya,
wannan ya zauna a wuyan hannu yana saurare.

Sannan ta ce in mayar da shi baya da awa guda,
wai mutanen sama duka lokacinsu ɗaya,
ko ina rana ta tsaya.
Hannuna ya ƙi, ya ƙi, sannan ya yi.
Ban taɓa karɓar kuɗi don in ɓata agogo ba,
ranar ma ban karɓa ba.

Yanzu in ƙararta ta ratsa bisa kasuwa,
bakwai saura a wurina, shida saura a wurinta,
nakan ɗaga kai in dubi na rataye a bango,
goma sha tara, kowa da bakinsa,
baduku yana tambaya ƙarfe nawa.